Kafin mu cika bas zuwa Maraɗi

Ranar Lahadi bayan an karɓi baiko, sakataren ikkilisiyarmu a Sabon Gari ya miƙe ya karanta sanarwa. Zumuntar matasa na shirin zuwa Jamhuriyar Nijar a dogon hutu, za su yi mako biyu a wani gidan marayu da ke yankin Maraɗi suna yi wa yara hidima, ana neman gudummawar kowa. Aka yi tafi raf-raf. Wata mama a bayana har da guɗa.

Da aka tashi, a bakin ƙofa, wata 'yar jami'a da na koyar a makarantar Lahadi tun tana 'yar mitsitsiya ta tare ni da murnarta, tana nuna mini a waya samfurin rigar da za su buga. Na ce, "'Yata, idan kun je me za ku yi wa yaran?" Ta ce, "Baba, za mu nuna musu ƙauna." Na ce madalla, ta wace hanya? Ta yi dariya ta ce ai sai an je za a gani.

An gama zaɓen launin riga, har an fara cinikin bas, amma ba a san aikin da za a yi ba. Abin da ya hana ni sukuni ke nan tun ranar.

Bari in faɗi inda na tsaya tun da wuri, kada a ce ina kewaye-kewaye. Ba na adawa da tafiya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a kwashi baƙi waɗanda ba su koyi komai a kan renon yara ba, a zuba su cikin yaran da iyayensu ba sa kusa, su yi mako biyu suna goyo da runguma da ɗaukar hoto, sannan su hau mota su dawo Kano su ba da shaida. Mai tafiya ne ke cin ribar irin wannan tafiya, yaron kuma a bar shi da asara. Idan lalle sai an je, a je domin manyan da ke riƙe da yaran, bisa gayyatarsu, a yi abin da su suka nema.

Mu ma an taɓa zuwar mana

Shekarun baya, lokacin da Turawa ke shigowa Kano ba fargaba, wasu matasa daga Amurka sun sauka a wurinmu. Mutanen kirki ne, ban ga aibunsu ba. Sun zo da balan-balan da alewa da fensir masu launi, da waƙoƙin nan da ake yi ana tsalle. Ajin makarantar Lahadi ya cika ya batse, har yaran da ba mu taɓa gani ba suka zo. Ranar da za su tafi an sha kuka, su da yaran.

Lahadin da ta biyo baya malamar ajin ta shigo da abin da ta saba shigowa da shi: alli, da tsohon littafin labaran Littafi Mai Tsarki mai hotuna, wanda bangonsa ya yage ta ɗinke shi da zare. Matar nan ta tsufa a kan wannan aiki ba a biyanta ko sisi. Ta san yaron da ke zuwa bai karya ba, ta san yarinyar da ubanta ke dawowa a buge yana duka. Ba ta gama addu'ar buɗewa ba wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, yau babu alewa?" Ta daɗe tana fama kafin ajin ya dawo hannunta.

Akwai kuma abin da ba ya shiga rahoton tafiya. Matan zumunta sun bar sana'o'insu suna girki safe, rana, dare. Ana sayen ruwan gora saboda cikin baƙi, ana ƙona man janareta saboda zafi. Fasto ya ajiye gaida marasa lafiya ya koma tafinta da direba. Ba wanda ya gaya wa baƙin ko ɗaya daga cikin wannan. Mun raka su filin jirgin Malam Aminu Kano, muka ce Allah ya kai ku lafiya, don Allah ku sake dawowa.

Haka faston Maraɗi zai ce mana. Bahaushe ne kamar mu, an rene shi a kan baƙonka annabinka. Ko mun cinye masa rumbu, da fara'a zai raka mu tasha.

"Ai umarni ne mu tafi"

Da na yi wa ɗaya daga cikin dattawa wannan magana, sai ya buɗe mini ƙarshen Matiyu, inda Ubangiji ya ce a je a almajirtar da dukan al'ummai. Ban musa ba. Amma mu duba yadda masu bi na farko suka cika umarnin. Bulus ya yi shekara ɗaya da wata shida a Korinti, yana ɗinkin tanti da hannunsa don ya ci abinci. A Afisa shekara uku ya yi. Inda muka ga ya yi 'yan kwanaki ya wuce, sau da yawa korarsa aka yi, kuma ko can bai saki mutanen ba, ya aika musu wasiƙu, ya tura musu abokan aikinsa.

Da yunwa ta tunkaro Yahudiya, masu bi na Antakiya sun tara abin da kowa ya iya, suka aika wa dattawan can ta hannun mutum biyu, Barnaba da Shawulu. Yana nan a Ayyukan Manzanni sura 11. Ba su yi ayari don kowa ya je ya ga mayunwata da idonsa ba.

A ƙasarmu ma, duk abin da mishan ya bari muke mora yau, zama ne ya haife shi. Likita Mila, wani ɗan mishan daga Ingila, ya iso Kano a 1900 tare da Bishop Tugwell, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Bai watsar da aikin ba. Ya zauna a ƙasar Zazzau yana koyon Hausa har ta zauna masa a baki, aka buga Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932, kuma a Nijeriya ya rasu a 1952. Asibitin ido na ECWA da ke garin nan tun 1943 yake aiki. Asibitin Galmi a Nijar tun 1950.

Wanda ya fi burge ni a can Maraɗin ya faru. Tony Rinaudo, wani ɗan Ostareliya da mishan ɗin SIM ya tura a farkon shekarun 1980, ya yi ta dasa itatuwa suna mutuwa. Sai a 1983 ya lura cewa 'yan tsiron nan da manoma ke sarewa kowace shekara lokacin sharar gona, tohon kututturan itatuwa ne waɗanda saiwarsu ke da rai a ƙasa. In aka rage rassan aka bar masu ƙarfi 'yan kaɗan, itace ya tashi. Manoman Nijar suka karɓa, yau maganar miliyoyin kadada ake yi da suka farfaɗo. Da mako biyu ya yi, hoton dashen farko zai koma da shi gida, a yi masa tafi, itatuwan su bushe a bayansa.

"Amma ka ga yadda yaran ke murna"

Wannan hujjar ita ta fi kama zuciya, ita ce kuma ta fi ba ni tsoro.

Duk wanda ya taɓa shiga gidan marayu ya san abin. Kafin ka gama sallama yara sun yanyame ka. Wannan ya riƙe hannu, wancan ya haye cinya, ƙaramar ta kwantar da kai a ƙirjinka sai ka ce ta shekara da saninka. Hawaye ya zo maka, ka ce yaran nan ƙauna kawai suke nema.

To koma gidanka. Baƙo ya yi sallama, me ɗanka ɗan shekara biyu yake yi? Ɓuya yake yi a bayan zanen uwarsa yana leƙe. In baƙon ya miƙo hannu sai ya tsala ihu. Mu ce yana da ƙiwa, har mu riƙa ba baƙo haƙuri. Ƙiwar nan lafiya ce. Yaron ya san nasa, ya san wanda ba nasa ba. Shi kuwa yaron da ke faɗawa jikin duk wanda ya shigo, masana halayyar yara sun daɗe da gane cewa sau da yawa alama ce ta rashin mutum ɗaya tsayayye da ya san nasa ne.

An yi dogon bincike a kan wannan a Romaniya, inda faɗuwar gwamnatin kwaminis a 1989 ta bankaɗo gidajen marayu maƙil da yara. Daga shekarar 2000 aka bi sawun yara 136 a birnin Bukares. An ba da rabinsu riƙo a hannun iyalai, rabi aka bar su yadda aka same su. Waɗanda aka ba riƙo sun fi kaifin ƙwaƙwalwa, sun fi bakin magana, sun fi iya shaƙuwa da mai renonsu, musamman waɗanda aka fitar kafin su cika shekara biyu. Abin da yaro ke bukata mutum ne da zai farka ya gani yau, ya gani gobe, ya gani baɗi.

Me tafiyarmu ke ba shi? Wata anti mai ƙamshin turare ta zo daga Kano. Ta goya shi, ta ba shi abinci a baki, ta bar shi ya yi wasa da wayarta, ta ce masa ai kai ɗana ne. Ya yarda, don yaro ba ya jin irin wannan magana a matsayin wasa. Ranar sha huɗu ta share hawaye ta shiga bas. Bayan 'yan watanni wasu su zo daga wata ikkilisiya, a sake sabon lale. Yaron da ya riga ya rasa uwa ko uba, mu kuma muna koya masa a kai a kai cewa duk wanda ya so ka tafiya zai yi.

Ku tambayi matar da ke kwana da su, wadda ke wanke zanen fitsarin kwance tun da asuba, yadda makon da ke biyo bayan tafiyar baƙi yake kasancewa. Ita ake bari da mai ƙin cin abinci, da mai zaman bakin ƙofa, da wanda ya koma cizon 'yan'uwansa. Ita kuma ba ta da alewa, ba ta da waya mai hoto, ita ce mai cewa tashi ka yi wanka. A idon yaro ta zama mugu, baƙuwa ta zama mala'ika.

Sai batun da ba ma son ambata a majami'a. A cikin bas guda na matasa, wa ya binciki kowa? Babu makarantar kuɗi mai mutunci a Bompai ko Nasarawa da za ta bar wanda ba ta sani ba ya shiga aji ya keɓe da yara don kawai ya ce yana ƙaunarsu. Iyaye za su tayar da ƙura. Waɗannan yaran ba su da mai tayar musu da ƙura, shi ya sa ƙofarsu take a buɗe. Na yarda matasanmu 'ya'yan mutunci ne. Amma gidan da ya saba karɓar duk wanda ya zo da Littafi Mai Tsarki a hannu, ranar da mugu ya zo da nasa, shi ma za a ce masa maraba.

Su wane ne ma a gidan marayun?

A 2009 ƙungiyar Save the Children ta fitar da rahoto cewa aƙalla huɗu cikin kowane yara biyar da ke irin waɗannan gidaje a duniya suna da uwa ko uba da rai, wasu ma duka biyun. Talauci ne ke kai su, ko rashin kuɗin makaranta, ko nakasa.

Mu da muka tashi a ƙasar Hausa bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. In uba ya rasu akwai baffa, akwai kawu, akwai goggo, akwai kaka. Da wuya ka shiga gida a Kano ba ka tarar da ɗan riƙo ko 'yar riƙo ba. Ban ce riƙo ba shi da nasa ciwon ba, mun san 'yan riƙon da aka mayar bayi. Amma tsohuwar da ta ɗauki jikanta ta kai gidan marayu, ba don ba ta son sa ba ne. Ta ji cewa a can ana cin abinci sau uku, ana zuwa makaranta, baƙi na kawo kaya. Da za a ba ta buhun gero da kuɗin makarantar, da a ɗakinta zai kwana, kuma da abin bai kai tsadar riƙe shi a gidan marayu ba.

Nan matsalar take. Inda baƙi ke kawo kuɗi don su ga marayu, za a samo musu marayu. An ga haka a Kambodiya, an gani a Nepal, an gani a Uganda: gidaje na ƙaruwa a inda masu ziyara ke sauka, ana bin ƙauyuka ana karɓo yara daga hannun iyaye da alkawarin karatu. Abin ya kai Ostareliya, a 2018, ta ɗauki safarar yara zuwa gidajen marayu a matsayin wani nau'i na bautar zamani. A Disamban 2019 babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri yana kira ga ƙasashe su ƙarfafa iyalai maimakon tara yara a gidaje, ya kuma ambaci illar aikin sa kai a gidajen marayu.

Kyakkyawar niyya kuma ba ta hana ɓarna. A Oktoban 2007 an kama 'yan wata ƙungiyar agaji ta Faransa a Abeche, nan Cadi, za su ɗora yara 103 a jirgi da sunan marayun Darfur ne. Da aka bincika yawancinsu 'yan Cadi ne masu iyaye. A Janairun 2010, bayan girgizar ƙasar Haiti, an tsare Amurkawa 10 'yan Baptis a kan iyaka da yara 33, daga baya aka gano da yawansu iyayensu na nan da rai.

Ban ce gidan da matasanmu za su je haka yake ba. Cewa na yi ba wanda ya tambaya.

Yaran wasu

In akwai garin da bai kamata a koya masa nauyin taɓa ɗan wani ba, Kano ce. A Oktoban 2019 'yan sanda suka nuna yara 9 da aka sace a garin nan aka sayar a Onitsha, an canza musu suna, an canza musu addini. Na ga yadda abin ya ƙona maƙwabtanmu Musulmi, kuma suna da gaskiya, in nawa ne ni ma haka zan ji. Mu da ke Sabon Gari mun sha kallon zargi a kan laifin da ba mu aikata ba. Kafin shekarar ta ƙare aka rufe wani gidan marayu na Kirista a unguwarmu, aka kwashe shekaru ana zuwa kotu.

Yanzu za mu ɗauki ƙwallo da biskit mu tafi ƙasar da kusan kowa Musulmi ne, Kirista 'yan tsiraru. In aka buga ƙwallo a fili aka fara rabon alewa, yaran gidan marayu kaɗai za su zo? Duk yaran unguwa za su zo. Za a koya musu waƙa, a ba su labari, a ce su rufe ido a yi addu'a. Iyayensu sun sani? Sun yarda?

Mu juya abin. A ce wasu baƙi sun zo daga wata ƙasa, sun tara 'ya'yanmu a bayan layi da biskit suna koya musu wani addini ba da saninmu ba. Kafin la'asar mun kai ƙara ofishin 'yan sanda. Ubangijin da ya ce a je, shi ne ya ce mu yi wa mutane abin da muke so su yi mana. Ban ji kunyar bishara ba, amma da babba ake yin ta, ido da ido, mutumin da zai iya ce maka a'a.

Kuma mu tuna wa ke kwana a unguwar bayan mun tafi. A Janairun 2015 an ƙona majami'u masu yawa a Damagaram da Yamai cikin kwana biyu, a kan zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Faransa, abin da Kiristan Nijar ba su da hannu a ciki ko kaɗan. Masu bi na can sun san yadda suke lallaɓa zamansu da maƙwabta, gaisuwa a kan gaisuwa, shekara da shekaru. Ganganci ɗaya na saurayi mai zafin kai ya isa ya ɓata musu shi, shi kuwa yana Kano yana ɗora hotuna.

Hotunan ma abin magana ne. Fuskar ɗan wani a Facebook, da majina a hanci, an rubuta maraya a ƙasa. Yaron nan zai girma, zai riƙe waya. Matiyu sura 6 ta ce kada hannun hagu ya san abin da na dama ke bayarwa, mu kuwa har da neman a danna mana alamar so.

"Mu ba Turawa ba ne"

Wani matashi ne ya kawo wannan, kuma duk cikin hujjojin ita ta fi ƙarfi. Ya ce, "Baba, duk misalanka na Turawa ne. Mu harshenmu ɗaya da mutanen Maraɗi, tuwonmu ɗaya, kuma zumunci a ƙafa yake."

Ya yi gaskiya. Katsinawa ne suka kafa Maraɗi bayan jihadi, kuma har gobe akwai gidajen da rabi ke Jibiya rabi ke tsallake. Ba ma bukatar tafinta, ba ma bukatar ruwan gora. Ziyarar 'yan'uwa masu bi da ke zaune 'yan kaɗan a wuri abu ne mai kyau, zai ƙarfafa su.

Amma ziyarar manya ke nan. A wajen yara, harshe ɗayan nan ƙara wa abin kaifi yake yi. Bature in ya yi wa yaro alkawari, yaron bai ji me ya ce ba. Namu kuwa in ya ce "zan dawo da Kirsimeti in kawo maka keke", yaro ya ji sarai, kuma zai riƙa ƙirga kwanaki.

Sannan kamar da muke gani ba ta kai yadda muke zato ba. Ko da yake a 2025 gwamnatin soja ta ayyana Hausa harshen ƙasa, bokon can a kan Faransanci aka gina shi, ɗan jami'armu ba zai iya taya ɗan firamarensu aikin gida ba. Ga halinmu na 'yan Nijeriya, mu shiga ƙasar mutane muna ɗaga murya kamar mu muka zo da wayewa. Tun juyin mulkin Yulin 2023 kuma al'amura sun canza: an rufe iyaka har zuwa Maris 2024, Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, hukuma na sa ido a kan baƙi da ƙungiyoyin waje. In jandarma ya zo tambayar su wane ne waɗannan masu riguna iri ɗaya, mai masauki ne zai amsa. Hanyar Jibiya kuwa kowa ya san labarinta da 'yan bindiga, ba sai na tsaya a kai ba.

"Tafiyar tana gyara matasanmu"

Tana gyarawa, na gani. Gani ya kori ji. Yaron da bai taɓa wuce Kwanar Dangora ba, in ya ga yadda wasu ke rayuwa yakan dawo da nutsuwa, wani ma a nan kiransa ke farawa.

To mu kira abin da sunansa, ziyarar koyo ce, iyayen masu koyon su biya. Kada mu tsaya gaban ikkilisiya mu karɓi kuɗin gwauruwa mai sayar da ƙosai da sunan marayu, alhali mafi yawansa a hanya zai ƙare. A haɗa lissafi: hayar bas zuwa da dawowa, takardun tafiya, katin allurar rigakafi, abin da za a bari a shingayen hanya, abinci, riguna, ga canji a Wapa inda naira ba ta da bakin magana a gaban sefa kamar da. A ajiye jimlar kusa da albashin matar nan mai kwana da yaran, a ga wata nawa zai biya ta.

An ce mini in ba tafiya, kuɗin ma ba za su fito ba. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, na san halinmu. Mutumin da zai ba da kuɗi mai kauri don 'yarsa ta je ta dawo da hotuna, ba zai ba da rabinsa don albashin matar da ba zai taɓa gani ba. Ciwonmu ne wannan, a kan bagadi ya kamata a yi maganinsa, da wa'azi da koyarwa. Ba a jikin yaran mutane ba.

Kayan da ake tarawa ma, a rage mayar da su hanyar share ɗaki. Na ga abin da ke fitowa in an ce a kawo tufafin marayu: riga ba maɓalli, takalmi ƙafa ɗaya. In kayan makaranta ake so, akwai tela a Maraɗi da zai auna kowane yaro ya ɗinka masa daidai shi, ya kuma ciyar da nasa 'ya'yan da kuɗin.

Inda gajeriyar tafiya ke da amfani

Likitan ido da zai je ya yi mako guda yana cire yanar ido, ya dawo ya bar tsofaffi suna gani, ba mai cewa ya ɓata lokaci. Haka likitan da zai taya aiki a cibiyar masu yoyon fitsari da aka buɗe a Danja, kusa da Maraɗi, a 2012. Haka mai gyaran famfon burtsatse, da mai haɗa sola, da akawun da zai zauna da ma'ajin ikkilisiya ya nuna masa yadda ake riƙe littafin kuɗi, da gogaggiyar malama da za ta horar da malaman makarantar Lahadi na can. An kira su ne, aikin yana da farko yana da ƙarshe, a ƙarƙashin ɗan gari suke yin sa, kuma in sun tafi ba su tafi da zuciyar wani yaro ba.

Matasan da ba su da irin wannan sana'a ma akwai abin yi, in da gaske hidima ake nema. Su kwana a wani wuri, ba cikin yaran ba. Su karɓi wanki da ɗiban ruwa da faskare da tuƙa tuwo, masu renon su samu su miƙe baya, su kuma samu lokacin zama da yaran da kansu. Duk kyautar da aka kawo ta bi ta hannun masu renon, a bar su su zama masu bayarwa. Ba keɓewa da yaro, ba hoton fuska, ba alkawari. Na san wannan ba zai yi daɗin ba da shaida ba, kuma ina zaton rabin masu rubuta suna za su janye.

Abin da na roƙi dattawa shi ne a rubuta wa mai masaukin wasiƙa kafin a biya kuɗin bas. A tambaye shi yaran nan ina danginsu, da ko akwai waɗanda za su iya komawa hannun kaka ko goggo in aka tallafa. Sannan a ba shi zaɓi a fili: ko mu zo mu cika bas, ko mutum biyu su kawo masa kuɗin tafiyar gaba ɗaya, ba ragi, kuma duk wanda ya zaɓa zumuncinmu na nan. Sai an faɗa masa haka ƙarara zai iya cire kunya ya faɗi abin da ke ransa.

Wani dattijo ya ce in aka yi haka ai kuɗin zai zaɓa, tafiya ta mutu ke nan. Na ce, "Baba, in har mun san amsar da zai bayar, me ya sa muke gudun tambayarsa?"